Kalmar "Experience": Tarihinta da Matsalar Fassara Ta, Tare da Misali Daga Tamanrasat

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin fassara ya san akwai wasu kalmomin Ingilishi waɗanda ba su da wuyar ganewa, amma suna da wuyar saukarwa cikin Hausa. Ɗalibi zai ce ya fahimce su sarai, amma da zarar an ce ya kawo takwararsu sai ya tsaya yana susar ƙeya. Kalmar "experience" tana sahun gaba a cikin irin waɗannan kalmomi. A takardun jarrabawa da rahotannin da ake fassarawa cikin gaggawa an fi mayar da ita "ƙwarewa" ko "gogewa", ko ta dace ko ba ta dace ba, har mutum kan ci karo da jimla irin "matan sun bayyana ƙwarewarsu a hannun 'yan bindiga", alhali abin da ake nufi shi ne sun faɗi irin uƙubar da suka sha.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin kalmar, ta nuna yadda ma'anoninta suka rarrabu a cikin tarihi, sannan ta duba abin da Hausa take da shi a madadin kowace ma'ana. Za a ɗauko babban misali daga Tamanrasat da ke kudancin Aljeriya, domin a can ne Faransanci da Larabci da Tamahak da Hausa suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, kuma a can ne tsohuwar ma'anar kalmar, wato "gwaji", ta bar tabon da har yau bai warke ba. An yi amfani da "Ingilishi" a maimakon "Turanci" da gangan, saboda a wajen Bahaushen Damagaram ko Maraɗi, Baturen da ya sani Bafaranshe ne.

2.0 Asalin Kalmar da Yadda Ta Rabu

Tushen kalmar Latinanci ne, daga aikatau experiri, ma'ana a gwada abu a gani. Daga wannan saiwa ne "experiment" da "expert" suka tsiro, kuma masana asalin kalmomi suna danganta ta da periculum, wato haɗari. Ke nan tun fil azal akwai ƙanshin kasada a jikin kalmar. Ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 14, kuma a wancan zamani "experience" da "experiment" tamkar Hassan da Husaini suke, ana sa ɗaya a gurbin ɗaya. Alal misali, a fassarar Baibul da almajiran John Wycliffe suka yi, a wurin da Annabi Yusuf ya ce zai jarraba 'yan'uwansa a Masar, kwafin farko ya yi amfani da "experiment", kwafin da aka gyara daga baya kuma ya sa "experience".

A daidai wannan lokaci wata ma'anar ta riga ta kankama. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya buɗe jawabin matar garin Bath a cikin Canterbury Tales da wannan kalma. Matar ta yi aure sau biyar, don haka take ganin abin da ta gani da idonta ya ishe ta hujja a kan sha'anin aure, ko da littattafan malamai ba su ce komai ba. A nan kalmar tana tsaye ne a matsayin kishiyar abin da aka karanta ko aka ji daga manya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, tun da shi ma yana cewa gani ya kori ji.

Rabuwar tagwayen ta zo ne sannu a hankali tare da bunƙasar kimiyya. Francis Bacon, a littafinsa Novum Organum na 1620, ya bambanta abin da mutum ya ci karo da shi bisa katari da kuma abin da ya shirya da gangan domin ya gano wani abu. Bayan kafa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1660, sai "experiment" ta riƙa keɓanta da gwajin da aka tsara, aka auna, aka rubuta, wanda wani zai iya maimaitawa. Ita kuwa "experience" sai masana falsafa suka ja ta wani ɓangaren. John Locke, a 1690, ya kamanta zuciyar jariri da farar takarda, mu ce wankakken allo, ya ce duk ilmin da ɗan Adam zai samu ta hanyar "experience" yake shigowa, wato ta gani da ji da taɓawa da kuma waiwayen da zuciya ke yi a kan ayyukanta. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 kalmomin biyu sun raba gari a Ingilishi.

Akwai kuma reshe na uku, wanda ya fito daga majami'a. Mabiya ɗariƙar Methodist sun kasance suna yin taro inda kowa zai tashi ya ba da labarin abin da ya ji a ransa lokacin da ya tuba, suna kiran wannan "experience". A kan wannan turba William James ya rubuta The Varieties of Religious Experience a 1902. Daga nan kalmar ta zama sunan duk wani abu da ya ratsa zuciyar mutum, mai daɗi ko mai ɗaci, ko ya koyi darasi daga gare shi ko bai koya ba. Raymond Williams, a bugu na biyu na Keywords da ya fito a 1983, ya raba ma'anonin gida biyu: na abin da ya wuce, wato darussan da aka tara, da na abin da ake ciki, wato yadda mutum ke jin abu a jikinsa da ransa. Jamusawa sun huta da wannan ruɗani, domin suna da kalma daban ga kowanne, Erfahrung da Erlebnis. Anna Wierzbicka ma, a littafinta na 2010 mai suna Experience, Evidence, and Sense, ta yi hujja da cewa tarin ma'anonin da Ingilishi ya ɗora wa kalmar al'adar masu harshen ce, bai kamata a zaci kowane harshe yana da irinta ba. Ina ganin ta yi gaskiya, kuma ya kamata wannan ya kwantar wa ɗalibanmu hankali: rashin kalma ɗaya tilo a Hausa ba talaucin harshe ba ne.

3.0 Abin da Hausa Take da Shi

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne Ingilishi ya fi son suna, Hausa kuwa ta fi son aikatau. Inda Ingilishi zai ce mutum "yana da" wani abu, Hausa cewa za ta yi ya yi, ya gani, ya sha, ya ɗanɗana, ya saba, ya gogu. Idan sanarwar ɗaukar ma'aikata ta ce ana neman mai "five years' experience", fassarar da ta fi sauka ita ce "wanda ya yi shekara biyar yana aikin". Idan aka ce "a bitter experience", sai mu ce ya ji jiki, ko ya ɗanɗana kuɗarsa, ko ya ga ta kansa. "In my experience" kuwa "a iya sanina" ce, ko "bisa ga abin da na gani". Wanda ba shi da ita shi ne sabon shiga ko ɗan koyo, kishiyarsa kuma tsohon hannu, wanda ya ga jiya ya ga yau.

"Ƙwarewa" da "gogewa" ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan cakuɗa su. Ƙwarewa iyawa ce, gwaninta ce, kuma "expert" ta fi kusa da ita. Gogewa kuwa daga "goga" take, wato abu ya daɗe yana cuɗanya da wani har kaushinsa ya tafi. Direba na iya shekara ashirin a kan hanyar Kano zuwa Agadas, ya gogu da halin jami'an kan iyaka da na fasinja, amma har gobe bai ƙware da tuƙi ba. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai na iya ƙwarewa da kwamfuta alhali bai gogu da komai na duniya ba. Sannan dukkansu biyu yabo ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba su dace da matan da aka ambata a gabatarwa ba: ba a yaba wa mutum don an zalunce shi.

A fagen addini ma ba sai mun ƙirƙiri wani abu ba. Abin da William James ya cika littafi yana bayani, malaman sufanci sun daɗe suna kiran sa zauƙi, daga kalmar Larabci mai nufin ɗanɗano, kuma Imam Ghazali ya yi bayaninsa a al-Munƙidh min al-Dalal tun kusan shekara 800 kafin James.

Wannan ya kawo mu ga Larabci, wanda shi ne ya fi ba da sha'awa a wannan nazari. Larabci yana da saiwa biyu a nan. Ta farko ita ce j-r-b, wadda ta ba da jarraba da tajriba, jam'i tajarib. Kalmar tajriba har yau tana nufin gwajin ɗakin kimiyya, tana kuma nufin abin da rayuwa ta koya wa mutum. Daga nan Hausa ta samu "jarraba" da "jarrabawa", da kuma "mujarrabi" da malaman zaure ke faɗa game da laƙanin da aka gwada aka ga aikinsa. Saiwa ta biyu ita ce kh-b-r, wadda ta ba da khibra, sanin ciki da bai na abu, da khabir, mai irin wannan sani. Abin mamaki, abin da Hausa ta aro daga wannan saiwa shi ne "labari", daga al-khabar. Wato saiwar da a Larabci ta haifi sunan ganau, a Hausa guzurin jiyau ta haifa.

Faransanci shi ma bai raba tagwayen ba. Har yau expérience tana ɗauke da ma'anonin biyu, sai dai aikatau ya bambanta su: wanda "yake da" ita gogagge ne, wanda "yake yin" ta kuwa gwaji yake yi. Likitan nan Claude Bernard ya tsaya ya warware wannan bambanci a littafinsa na 1865 kan hanyar gwaji a ilmin likitanci. Saboda haka duk mai fassara takardar da ta fito daga Nijar ko Aljeriya, ko da ta biyo ta Ingilishi kafin ta iso hannunsa, ya kamata ya yi hattara.

4.0 Tamanrasat da Hanyarta

Tamanrasat, wadda matafiya ke taƙaitawa da "Tam", tana cikin duwatsun Ahaggar, ƙasar Abzinawan Kel Ahaggar, kimanin kilomita 400 arewa da In Gezam da ke kan iyakar Nijar. Lokacin da Charles de Foucauld ya sauka a wurin a 1905, shekara uku bayan Faransawa sun ci Kel Ahaggar da yaƙi a Tit, 'yar ƙauya ce mai gidaje kamar ashirin. A nan ya zauna yana tattara kalmomin Tamahak har aka kashe shi a ranar 1 ga Disamba 1916, kuma babban ƙamusunsa mai juzu'i huɗu bai fito ba sai a 1951 zuwa 1952. Ga masu nazarin harsuna, matsayinsa a Tamahak ya yi kama da na ƙamusun Bargery na 1934 a Hausa: aikin baƙo ne da ya zo a inuwar mulkin mallaka, amma babu mai iya tsallake shi. A shekarun 1930 motocin wani kamfanin sufuri na Faransawa suka fara zirga-zirga daga Aljiyas zuwa Kano ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram. Garin ya zama hedikwatar jiha a 1974, ya kuma cika da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani daga Nijar da Mali da Nijeriya, ta yadda Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki da neman aikin lebura a cikinsa.

Kafin mota, rayuwar ayari a wannan hamada tana hannun mutum ɗaya ne, wanda Larabawan Sahara ke kira khabir, daga waccan saiwa ta biyu. A ayarin Hausawa madugu ne shugaba, jagaba kuma shi ke gaba. Ilminsu ba na littafi ba ne, na wanda ya bi hanya sau da yawa ne har ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara da wadda ba ta ƙafewa. Wannan ita ce ma'anar da "gogewa" ta dace da ita ɗari bisa ɗari, kuma a hamada rashinta mutuwa ce. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, 7 maza. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu Hausawa ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, suna kan hanyar zuwa bida a Aljeriya. Daga Disamban 2014 hukumomin ƙasashen biyu suka fara kwaso 'yan Nijar a manyan motoci ta Tamanrasat zuwa gida, daga baya kuma aka riƙa sauke dubban baƙi a wani wuri da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa kafin su kai Asamaka.

Rahotannin da ƙungiyoyin agaji ke rubutawa kan waɗannan mutane cike suke da "migrants' experiences". A ɗaya gefen kuma, kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar kwana a kan dutsen Assekrem, inda Foucauld ya gina ɗakin halwarsa a 1911, domin ganin fitowar rana, su ma da sunan "desert experience". Kalma ɗaya, hamada ɗaya. Ingilishi bai ga aibun haka ba, amma Hausa ba za ta yarda ba: na farko wahala suka sha, na biyu kuwa ido suka je bai wa abinci.

4.1 Dutsen Tan Afella

A ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggan, a hamadar Aljeriya. Ta sa masa suna Gerboise Bleue, wato shuɗin ɓeran hamada, kuma ƙarfinsa ya kai kimanin kilotan 70, fiye da ninki huɗu na wanda aka jefa a Hiroshima. Wasu uku suka biyo baya a sararin sama, a ranar 1 ga Afrilu da 27 ga Disamba 1960, da kuma 25 ga Afrilu 1961. Sunan sansanin a hukumance shi ne Centre saharien d'expérimentations militaires, wato cibiyar gwaje-gwajen soja ta Sahara.

Afirka ta Yamma ba ta yi shiru ba, musamman da yake kowa ya san daga inda iskar hunturu ke busowa. A Disamban 1959 wata tawagar masu zanga-zanga, cikinsu har da Michael Scott da Bayard Rustin, ta tashi daga Accra da niyyar zuwa Reggan, amma Faransawa suka tare ta a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa a Gana bayan fashewar farko. Bayan ta uku kuma, a ranar 5 ga Janairu 1961, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa, ta kori jakadanta Raymond Offroy, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a Nijeriya. Ƙasar a lokacin wata uku kacal ta yi da samun mulkin kai. Wata taswirar sojan Faransa da jaridar Le Parisien ta buga a Fabrairun 2014 ta nuna cewa tsoron da aka yi yana da tushe, domin burbushin bam ɗin farko ya bazu a kan yanki mai faɗi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya cikin 'yan kwanaki.

Saboda wannan matsin lamba, da wasu dalilai, Faransa ta mayar da aikin ƙarƙashin ƙasa. Ta zaɓi wani dutse mai suna Taourirt Tan Afella a In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasat, ta kafa cibiya ta biyu, Centre d'expérimentations militaires des oasis. Daga 7 ga Nuwamba 1961 zuwa 16 ga Fabrairu 1966 an tayar da bama-bamai 13 a cikin wannan dutse, kowanne da sunan wani dutse mai daraja, daga Agate zuwa Grenat. Goma sha ɗaya daga ciki an tayar da su ne bayan Aljeriya ta sami 'yanci a Yulin 1962, domin yarjejeniyar Evian ta Maris 1962 ta bar wa Faransa waɗannan sansanoni har shekara biyar.

Dabarar ita ce a haƙa rami mai tsawo cikin dutsen, ƙarshensa a naɗe kamar gidan dodon koɗi, ta yadda girgizar fashewar za ta rufta ramin ta toshe shi kafin guba ta fito. A ranar 1 ga Mayu 1962, a bam na biyu mai suna Béryl, ramin bai toshe ba. Narkakken dutse da baƙin hayaƙi mai guba suka yi ambaliya daga gefen dutsen, iska kuma ta kaɗa hayaƙin kan 'yan kallo, waɗanda yawansu ya kai kimanin 2,000. Cikinsu akwai ministoci biyu, Pierre Messmer na soja da Gaston Palewski na binciken kimiyya. Aka yi ta gudu, aka yi ta wanke manya da ƙanana da ruwa da sabulu. Wasu sojoji tara da aka bari a wani wurin gadi sun kwashi guba mai yawa, aka kai su asibitin soja a kusa da Paris. Palewski ya mutu a 1984 da sankarar jini, yana mai imani cewa daga Béryl ya samo ta. Hayaƙin ya wuce ta kan ƙauyuka da makiyayan Abzinawa. Ministocin an san sunayensu, an san cutarsu, an san ranar mutuwarsu. Makiyayan da leburorin ƙasar kuwa, waɗanda takardun soja suka dunƙule cikin harufa uku, PLO, ma'ana ma'aikatan yankin dausayi, ba su sami irin wannan kulawa ba.

Faransawa sun tashi a 1967. Shingen wayar da suka kewaye dutsen da shi ya lalace, mutane suka riƙa shiga suna kwasar tagulla da ƙarafa suna sayarwa, ba tare da sanin abin da ke jikinsu ba. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta aika masana a 1999, kuma rahotonta da ya fito a 2005 ya tabbatar da cewa daskararren dutsen da Béryl ya amayar yana nan da gubarsa.

Yanzu mu koma ga kalmarmu. Ga injiniyan da ke riƙe da agogo da na'urar awo, abin da ya faru a Tan Afella expérience ne a ma'anar Bacon: an tsara, an auna, an rubuta sakamako. Ga makiyayin da ke ƙarƙashin hayaƙin ma expérience ne, amma a ɗaya ma'anar. Faransanci da Larabci duk suna iya kiran abubuwan biyu da suna ɗaya, kuma a ganina wannan haɗuwa tana ɓoye tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato wa ya yi gwajin, kuma a kan wa aka yi shi. Ba tambayar banza ba ce. A 2010 jaridar Le Parisien ta fallasa wani rahoton soja da ya nuna cewa a fashewar 25 ga Afrilu 1961 an tura sojoji kusan 300 su yi atisaye kusa da inda bam ya tashi, domin a ga tasirinsa a jikinsu da hankalinsu. Hausa a nan ta fi fayyace magana, saboda ba ta da yadda za ta ce "gwaji" ba tare da mai sauraro ya nemi jin mai gwadawa da abin gwadawa ba, ga kuma "zakaran gwajin dafi" a ajiye domin wanda aka gwada a kansa.

Wannan ne ya sa marubuta da 'yan jarida da yawa a Aljeriya suke ƙin kalmar tajarib, suna cewa tafjirat, wato fashe-fashe. Hujjarsu ita ce "gwaji" tana sa mai karatu ya hango ɗakin kimiyya da farar riga, wurin da babu kowa, alhali akwai mutane da raƙuma da rijiyoyi. Kafofin labarai na Hausa sun saba da "gwajin makamin nukiliya", kuma ba na ganin za a iya tumɓuke wannan, ba kuma lallai ne a tumɓuke ta ba. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya riƙe "gwaji" idan yana fassara maganar hukumar da ta yi aikin, domin haka ta kira shi, amma idan maganar mazauna wurin ce, ya ce "bama-baman da aka tayar", kada ya ɗora musu kalmar da ba tasu ba.

Batun bai tsaya a kan takarda ba. A ranar 5 ga Janairu 2010 Faransa ta kafa dokar biyan diyya da ake kira dokar Morin. Domin mutum ya cancanta, dole ya nuna cewa ya zauna a yankunan da dokar ta zayyana a cikin lokacin da ta ƙayyade, wanda ga In Ekker ya kama daga 7 ga Nuwamba 1961 zuwa 31 ga Disamba 1967, sannan yana fama da ɗaya daga cikin cututtukan sankara da aka jera, waɗanda daga baya suka kai 23. Bahaushe ya ce jiki magayi, amma kwamitin diyya ba ya karɓar shaidar jiki sai da ta takarda: takardar zama, takardar aiki, takardar asibiti. Makiyayin da ke yawo tsakanin Ahaggar da Abzin a 1962 ba shi da ko ɗaya daga ciki. A cikin shekaru goma na farko na dokar, mutum ɗaya tak aka biya daga cikin mazauna Aljeriya.